Shagon ɗinki a cikin birnin Zariya da tufafin Turawan dauri: abin da na kai da abin da na karɓo

Shekara huɗu ke nan ina koyar da tarihin tufafi da saƙa a nan Zariya, kuma ɓangaren da ya fi ba ni wahala a kowane zangon karatu shi ne na Turai, tun daga zamanin Girkawa da Rumawa har zuwa ƙarni na 16. Idan darasi ya zo kan babbar riga ko saƙi ko barage, rigar nake ɗaukowa in shimfiɗa a kan tebur, ɗalibi ya taɓa, ya juya cikinta waje, ya ga shafi da cuna da idonsa. Idan kuwa aka zo kan tufafin Turawan dauri, babu abin da ke hannuna sai hotuna, alhali hoto ba ya gaya wa mutum nauyin ƙyalle, ba ya kuma nuna masa inda allura ta bi ta ciki. Shi ya sa na ƙudura cewa zan sa a ɗinka mini kaya uku da ɗalibai za su riƙa taɓawa suna gwadawa: mayafin Rumawa da ake kira toga, da doguwar rigar ulu irin ta ƙarni na 14, da matsattsiyar rigar maza ta ƙarni na 16 wadda mutanen Ingila suke kira dabilet. Wannan rubutu bayani ne a kan shagon da ya yi mini aikin, domin amfanin malamai da masu shirya wasan kwaikwayo da duk mai bincike irin nawa.

Kafin in kai ga wannan shago na fara da wasu biyu a Sabon Gari, kuma dukansu abu guda suka ce mini, wato in turo musu hoton ta waya su fitar da shi daidai, su sa zif a baya yadda ba za a gani ba. Ban ga laifinsu ba, domin mafi yawan masu kawo musu irin wannan aiki kamannin waje kawai suke so. Ni kuwa cikin rigar nake nema. Wani mai sayar da zare ne ya kwatanta mini wani dattijo a cikin birni, ba nisa sosai idan an shiga ta Ƙofar Doka, wanda ya tashi a gidan ɗinkin hannu kafin ya koyi keke. Shagon ba shi da allon suna. Ɗaki ne guda mai kekunan ɗinki biyu, ɗaya na ƙafa ɗaya na lantarki, sai tabarma a bakin ƙofa inda yaran shago uku suke zaune da riguna a kan cinya suna zuba aska takwas, hasken rana yana taimakonsu.

Ya kamata in faɗi abin da na riƙa na tafi da shi, domin a irin wannan aiki kyawun abin da tela zai fitar ya dogara ne da ingancin abin da aka miƙa masa. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya buɗe dubban hotunan kayan da yake ajiye da su ga kowa kyauta tun shekarar 2017, gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan shi ma yana da rumbun hotuna a intanet, kuma daga waɗannan biyun na buga hotuna masu girma a takarda. Sai dai na koyi bambanta zanen mai zane da rigar da ta tsira da kanta. Zanen nan na Jan van Eyck na shekarar 1434, wanda yake nuna wani ɗan kasuwa da matarsa cikin koriyar rigar ulu mai jan ƙasa, yana koya wa mutum yadda ƙyalle mai nauyi yake zubowa yana naɗewa, amma ba zai nuna masa ɗinki ko guda ba. Don haka na fi dogara da zane-zanen awon rigunan da aka tono daga ƙasa, da kuma shafukan littafin wani tela ɗan Sifaniya, Juan de Alcega, wanda aka fara bugawa a Madrid a 1580 aka sake bugawa a 1589, littafin da ke nuna yadda za a jera gutsattsarin riga a kan yadi domin kada a yi asara.

Toga ba ta ɗauke mu lokaci ba, domin kusan babu ɗinki a cikinta. Tufafin Girkawa da Rumawa galibi naɗawa ake yi ko a maƙale da ƙarfe a kafaɗa a ɗaure da ɗamara, kusan yadda muke yi da zane da mayafi, kuma toga ta zamanin sarakunan Rum ƙyallen ulu ce guda mai gefe ɗaya a zagaye, wadda tsawonta kan kai mita 5 ko fiye. Dattijon ya shimfiɗa akoko a tsakar gida, ya ɗaura alli a bakin igiya, ya ja rabin da'ira, yaransa suka yanke suka yi kalmasa da hannu. A gefe ya ɗora siririn layi mai launin jar garura, irin wanda manyan mahukunta da yara 'ya'yan masu 'yanci suke sawa. Wannan layi kaɗai ya ishi darasi guda, domin asalin launin daga dodon koɗin teku ake fitar da shi, birnin Taya da ke ƙasar Lebanon ta yau ya yi suna a kansa, kuma a dokar ƙayyade farashi da Sarkin Rum Diocletian ya kafa a shekarar 301 an yanka wa laba guda ta siliki mai wannan rini dinari 150,000 na kuɗin Rum. Aikin shagon a nan ba shi da aibi. Inda aka samu tangarɗa zaɓina ne: auduga tana zamewa daga kafaɗa, ulu kuwa gashinsa yana kama juna, wanda shi ne dalilin da ya sa Barume yake iya yawo da toga ba tare da wani abin maƙalawa ba. Ɗalibin da ya fara gwadawa bai yi taku biyar ba ta sauko masa zuwa gwiwar hannu, sai muka ɗauki hakan a matsayin darasi.

Rigar ƙarni na 14 ita ce ta sa nake ganin wannan shago ya cancanci a yi rubutu a kansa. Samfurin da na zaɓa daga Herjolfsnes ne, wata tsohuwar maƙabarta a kudancin Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara da ke arewacin Tekun Atalantika, inda masanin tono kayan tarihi ɗan Denmak, Poul Nørlund, ya yi aiki a 1921. Itace ya yi ƙaranci a ƙasar, don haka mutanen wurin sukan naɗe mamaci da tufafin da aka sa a rayuwa, sanyin ƙasa kuma ya adana su, har aka fito da riguna da huluna masu dogon jela da safa, waɗanda yanzu suke gidan tarihin ƙasa a Kofanhagen. Darajarsu ita ce tufafin talakawa ne, manoma da masunta, irin waɗanda ba a ajiye su a taskar sarki, ba a kuma zana su. Ulu ne da aka saƙa a masaƙar tsaye wadda ake rataya wa zarenta duwatsu, saƙa mai layi-layi a karkace kamar ta wandon jins.

Na shimfiɗa zanen awon a gabansa. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, yana bin layukan da farcen babban yatsa: dogon ƙyalle na gaba, dogon ƙyalle na baya, tsaga a tsakiya da aka cusa wa ƙyalle mai kusurwa uku, wasu dogayen kuma a gefe daga hamata zuwa ƙasa.

Na ce, "Baba, yaya ka gani, zai yiwu?"

Ya ce, "Malama, ai wannan cuna ce. Masaƙarsu ba ta da faɗi, shi ya sa suka ƙara. Rigarmu ce, sai dai sanyi ya sa sun matse hannu."

Wannan magana ita ce abin da nake kwashe mako biyu ina ƙoƙarin fahimtar da ɗalibai a aji. Mutumin da ya san wahalar kaɗi da saƙa ba ya sa almakashi yadda ya ga dama. Faɗin abin da masaƙa ta ba shi ne yake yi masa iyaka, sai ya nemi yalwa ta hanyar haɗi. Telan da ya buɗe ido da yadin kanti mai faɗi bai san wannan takura ba, don haka idan aka ba shi irin wannan riga sai ya yanke gaba ɗaya da siffar ƙararrawa ya zubar da sauran. Wanda kuwa ya tashi yana harhaɗa siraran ƙyallayen saƙar hannu har su zama babbar riga, tunaninsa da na matar da ta ɗinka rigar Girinlan shekara ɗari shida da suka wuce hanya guda suke bi. Ban yi masa bayanin dalilin ko guda daga cikin gutsattsarin ba. Shi ne ma ya nuna mini cewa idan aka juya ƙyallen cuna ɗaya kai ƙasa aka jera shi kusa da ɗan'uwansa, biyun za su fito daga yanki guda mai kusurwa huɗu ba tare da an bar ko tafin hannu ba.

Ulu na yadi mai irin wannan saƙa ban same shi a kasuwa ba, don haka muka koma wajen 'yan gwanjo muka zaɓi barguna biyu marasa kauri sosai, masu launin toka, muka ƙona zare guda daga kowanne don mu tabbatar ulu ne, domin ulu warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Duk rigar da hannu aka ɗinka ta. Na roƙi a bi yadda aka yi na asali, wato ƙananan ɗinki a jere, a kwantar da bakin kowane haɗi ta ciki a daje shi, kuma da na karɓa na juya cikinta waje a nan bakin shagon na bi kowane layi. Inda tsinin cunar tsakiya yake haɗuwa da jikin riga a ƙasan ƙirji, wurin da ko ƙwararru sukan bar ɗan ƙulli ko tattara, a kwance yake lumui, sai an ɗaga shi ga haske ake gane inda tsagar ta ƙare. A wuya kuma babban yaron shagon ya bi da siririyar igiya da ya tufka da zaren da ya zare daga jikin bargon, don kada wuyan ya saki. Wata ɗaliba ta sa ta a safiyar hunturu, rigar ta kama ta daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga nan ta buɗe tana rangaji idan ta yi tafiya, kamar yadda ake gani a zane-zanen littattafan wancan zamani.

A kan rini ne muka yi karo da abin da ban hango ba. Na so a rina rigar shuɗiya, kuma hujjata tana da ƙarfi, domin ganyen da Turawa suke rini da shi a lokacin, wanda Ingilishi suke kira wod, sinadarin shuɗin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin babanmu na marina. Dattijon ya ce kada a jefa rigar gaba ɗaya, a fara da guntu, ya kuma aika yaro da shi wajen wani marini da ya sani. Guntun ya dawo da launi mai kyau, amma ya yi kaushi ya ƙanƙance, domin ruwan marina da aka haɗa da toka mai ƙarfi don auduga yana cin gashin ulu. Da na bi son raina da na lalata aikin kwana goma sha ɗaya. Muka bar rigar da launinta, wanda bai ma kauce wa tarihi ba, tun da ruwan ƙasan da ake gani a rigunan Girinlan yau yawancinsa daga ƙasar kabari ya samo asali. Wannan taka-tsantsan na lissafa shi cikin abin da na biya kuɗi a kansa.

Sai dabilet, kuma a nan ne shagon ya gaza kaiwa inda nake so. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 14 tufafin maza a Turai suka fara gajarta suna matsewa, maɓallai suka yawaita, aka koma yanka mai lanƙwasa da ke bin siffar jiki. Rigar Charles de Blois, wani basaraken ƙasar Faransa wanda ya mutu a fagen yaƙi a 1364, da ke gidan tarihin saƙa na birnin Liyon a Faransa, tana cikin tsofaffin shaidun wannan sauyi. Zuwa ƙarni na 16 rigar ta zama kamar gini: ƙyallen waje, da kakkauran lilin a tsakiya da ake yi wa ɗinki sara-sara don ya riƙe siffa, da cushen ulu ko auduga a gaba, sannan shafi. Dattijon ya ji daɗin shafukan Alcega ƙwarai, ya gane jerin gutsattsarin duk da bai san kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba, har ya ce wannan mutum ya san darajar yadi. Amma da aka zo yanka sai hannunsa ya koma inda ya saba. Ya miƙar da lanƙwasar baya, ya saukar da hamata, ya bar sarari a ƙugu, abin da ya fito a gwajin farko ya fi kama da falmaran mai hannu.

Na ce, "Baba, wannan so ake ta kama jiki kamar an zuba mutum a ciki."

Ya ce, "Malama, to da me zai yi numfashi, da me zai ɗaga hannu?"

Tambayar ba ta banza ba ce, kuma amsarta ita ce abin da mai ɗinkin yalwa bai saba da shi ba: a matsattsiyar riga, ƙaramar kafar hannu da ta hau can cikin hamata ita ce ke ba hannu damar ɗagawa ba tare da ya ja jikin rigar duka ba. Ya karɓi gyara ba tare da ɓacin rai ba, ya warware ya sake, kuma sai da muka yi gwaji uku a kan akoko kafin a taɓa karammiskin da na saya. Duk da haka cushen gaba bai zauna daidai ba, ya taru a gefen hagu fiye da dama, kuma abin wuyan yana faɗuwa baya maimakon ya tsaya. Rigar tana amfani a aji, amma ba zan kai ta baje koli in ce ga yadda abin yake ba. Wuri guda ne a cikinta ya fi ƙarfin yabo, wato jerin ƙananan hujin da ke ƙugu, inda ake zura igiyoyi a ɗaure wando da riga. Yaran da suka saba zagaye huji da zare a aikin babbar riga da hula sun yi guda ashirin da huɗu, sun huda da tsinke ba su yanke zaren ƙyallen ba, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Maɓallan ma ba na kanti ba ne, ƙananan dunƙulen itace ne da suka lulluɓe da zare, kamar yadda na nuna musu a hoto.

A ranar gwaji na biyu ya ɗauko wata tsohuwar rigar mahaifinsa ya nuna mini shafin jan alharini da ke bakin hannunta. Na gaya masa cewa irin wannan alharini da fatake suke kawowa ta Sahara daga Tarabulus a ƙarni na 19 ragowar silikin masaƙun Turai ne, ya yi shiru yana shafa shi, sannan ya ce ashe mun daɗe muna ɗinka kayansu. Na roƙe shi aron rigar don in nuna wa ɗalibai tare da sauran, ya ba ni bisa sharaɗin kada ta kwana a waje.

Babban ƙorafina shi ne lokaci. An yi mini alkawarin mako uku, aikin ya kai mako bakwai, domin ƙaramar Sallah ta gabato kuma rigunan masu Sallah suka danne nawa. Na san halin teloli a wannan lokaci, kuma da ni ma na yi lissafi da ban kai aiki ana saura kaɗan a fara azumi ba, amma abin da ban ji daɗinsa ba shi ne babu wanda ya kira ni ya sanar da ni, sai da na yi zuwa biyu daga Samaru na tarar da ƙyallena a naɗe inda na bar shi. Shagon ba ya rubuta awo a littafi, a kan takardar siminti ake rubutawa a cusa cikin ƙyallen, kuma sau ɗaya takardar ta ɓace sai da aka sake auna ɗalibin. Wanda yake da ranar wasa ko ranar baje koli tsayayya ya ninka lokacin da aka faɗa masa, ya kuma riƙe kwafin awonsa.

Game da kuɗi, ɗinkin rigar ulu ya tasam ma abin da ake biya na babbar riga mai matsakaicin aikin hannu, kuma ina ganin ya yi daidai da wahalar da ke ciki. Toga kusan kuɗin kalmasa kawai ya karɓa. A kan dabilet shi da kansa ya rage wani abu ba tare da na nema ba, ya ce ba zai karɓi cikakken lada a kan aikin da bai gamsar da shi ba. Ƙyalle da zare duk ni na saya, kuma haka ya fi so.

Duk mai neman tufafin Turai na kafin tsakiyar ƙarni na 14, ko na talakawan bayan nan waɗanda suka ci gaba da yanka mai miƙaƙƙen layi, ban san wurin da zan tura shi a Zariya da ya fi irin wannan shago ba, da sharaɗin ya je da zanen awo na rigar da ta tsira, kada ya tsaya ga hoton waya, ya kuma yarda ya zauna a tabarma a yi magana. Mai neman kayan fadar ƙarni na 16 kuwa, da cushe da abin wuya mai sitaci, gara ya raba aikin biyu: telan kwat ya yanka ya gina jikin, a kawo nan a yi huji da maɓallai da duk abin da allurar hannu za ta yi. Haka zan yi da dabilet ta biyu. Ragowar bargon kuma na bar ta a shagon tare da zanen hular Girinlan mai dogon jela, ya ce in dawo bayan Babbar Sallah da mako biyu, wannan karon kuma na karɓi lambar wayar babban yaronsa.